Zauren Asabar: Kundin Aikin Tara Kiɗan Nesa

Lahadi, 5 ga Janairu, 2025

Aiki biyu na sa a gaba, kuma ina so in ga bayansu kafin azumi. Na farko shi ne haɗa memori guda da zai ɗauki kiɗe-kiɗen da na daɗe ina ji ni kaɗai a waya: na Sahara, na Habasha, na Kwango, na masu haɗa sauti da na'ura, da na masu gwaje-gwajen da ko a garuruwansu ba kowa ke sauraronsu ba. Na biyu shi ne gyara zauren gidanmu, mu riƙa zama da 'yan'uwa da abokai kowane daren Asabar bayan isha'i ina sa musu abin da na tara. Abin da zaure ya karɓa zai zauna a memori. Abin da ya ƙi zan canza masa wuri in sake gwadawa.

Na san inda gizo ke saƙar. Mu mutanen magana ne. In aka sa Shata, kalangu na ta tashi amma kunnen kowa na wajen abin da bakinsa zai faɗa. Haka Ɗanƙwairo, haka Narambaɗa. Ni kuwa kusan rabin abin da nake son gabatarwa babu baiti ko ɗaya a ciki, sauran kuma da harsunan da babu mai jinsu a layinmu. Abin da nake son ganowa shi ne ta wace hanya ake bi da kunnen Bahaushe har ya zauna wa irin wannan kiɗa.

Kayan da ke hannu: sifiku biyu na tsohuwar rediyon Kawu mai cin kaset biyu, tabarmi, da kwamfutar ƙanena. Na ware N60,000.

Talata, 7 ga Janairu

Na shiga Sabon Gari. Ƙaramar amfilifaya mai Bluetooth da ramin memori N17,500, batir N21,000, waya da fulogi N2,500. A hanyar dawowa na sayi memori mai giga 32 a wajen wani mai tebur, N5,000. Mai gyaran rediyon unguwarmu ya haɗa komai ya karɓi N3,000. Sifikun sun tsufa amma muryarsu ba ta fashe ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Zaman farko. Na fara da na kusa, wato Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar mai kaɗa jita da hannun hagu. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da gangar na'ura da murya mai lanƙwasa irin ta situdiyon waƙoƙin fim. Ko minti ɗaya ba a yi ba ƙanena ya ce, "Yaya, ai wannan kiɗan fim ɗin Hausa ne, yaren ne kawai aka sauya." Gaskiyarsa ne, kuma saboda haka na zaɓe shi. Waƙoƙin nan daga waya zuwa waya suka yi ta yawo a Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya kwashi ɗaya a cikin abin da ya tara daga memorin mutane a arewacin Mali, ya fitar da ita a kundin Music from Saharan Cellphones a 2011. Daga nan sunan Mdou ya fita duniya.

Da na tsallaka zuwa Afrique Victime na 2021, inda jitarsa ta koma ƙara da kururuwa, sai zaure ya rabu. Samari suka gyara zama, manya suka fara hira a tsakaninsu. Ni ina ganin wannan kundin ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ba da shi ake buɗe zama ba.

Na rufe da Les Filles de Illighadad, matan wani ƙauye a jihar Tawa, ƙarƙashin Fatou Seidi Ghali. Kiɗan tende suke yi: turmi da aka ɗaure wa fatar akuya, da ƙwarya da aka kifa a ruwa, da tafi, murya ɗaya na bayarwa saura na amshi. Ana cikin haka ƙanwata ta leƙo ta ce Inna ta ce a ƙara sauti. Washegari Inna ta ce min ita kiɗan ƙwaryar su Barmani Choge ta ji a ciki, kuma ko ba ta jin Buzanci ta san waƙar mata ce. Mdou da Filles duka sun zauna a memori.

Laraba, 15 ga Janairu

Memori ya ci amana. Jiya da dare na ƙara masa kaya, yau na sa a amfilifaya sai shiru. Da na buɗe a kwamfuta, sunayen jakunkuna sun koma wasu alamomi marasa kan gado, waƙoƙin da na fara zubawa sun ƙi buɗuwa, wasu kuma su fara lafiya su yanke a tsakiya.

Ƙanena ya gwada shi da wata manhaja ta kyauta mai suna H2testw, wadda ke cika memori da bayanai sannan ta karanto su ta ga ko sun dawo daidai. Ashe ainihin cikinsa bai kai giga 4 ba. Yadda jabun yake, an sa shi ya riƙa faɗa wa kwamfuta cewa giga 32 ne da shi. Tana ta zuba masa, shi kuma da ya cika sai ya koma ya rubuta sabo a kan tsoho, ba tare da ya nuna wata alama ba. Shi ya sa makon farko bai ba da matsala ba: lokacin bai cika ba. Duk wanda zai sayi memori ya gwada shi haka kafin ya ɗora masa abin da yake ji da shi.

Na koma wajen mai teburin, ya ce shi ma haka aka kawo masa, kuma abin da aka ɓare ba ya komawa. Ban ja ba. Na sayi wani a shago da rasit, N8,500, aka gwada a gabana. Abin da ya fi ciwo shi ne jerin da na tsara da ɗan bayanin da na rubuta a kan kowane mawaƙi, duk sun tafi. Sake sauke waƙoƙin ya ci datar N6,000. Yanzu kwafi biyu nake ajiyewa, ɗaya a memori ɗaya a kwamfuta, bayanin kuma a littafi da biro.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau na fara gwada kiɗan da babu waƙa. Mamman Sani na sa, wanda ya naɗi kaset ɗinsa a gidan rediyon Nijar a 1978 da wani ogan ƙirar Italiya, aka sake fitar da shi a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, hannun hagu na riƙe da zango ɗaya, na dama na zagaya shi. Wani abokina ɗan Damagaram da ke sana'a a Kantin Kwari ya ɗaga kai ya ce ya san wannan tun yana yaro, shi ake sawa tsakanin shiri da shiri a rediyo da talabijin ɗinsu, amma bai taɓa jin sunan mai shi ba sai yau.

Kawu ya saurara har kusan ƙarshe, sannan ya ce, "Kai yaro, yaushe mai waƙar zai shigo?" Na ce, "Kawu, ai babu mai waƙa." Ya ce kiɗa ba waƙa tuwo ne ba miya.

Na kwana ina juya maganar. Da farko na so in ce ai mu ma muna da kiɗan da ba a rera komai a kai: algaita, kakaki, sarewar makiyaya, kalangu a bakin kasuwa. Amma da na duba sosai, yawancinsu magana suke yi. Kalangu take yake faɗa, kakaki kirarin sarki yake busawa, wanda ya sani yana jin kalmomin a ƙarƙashin sautin. Ke nan Kawu ba rashin murya ne ya dame shi ba. Ya nemi maganar da ke ƙarƙashin kiɗan ne bai same ta ba. Wannan ya canza min tsarin jerin gaba ɗaya: dole in fara nemo kiɗan da kunne zai iya ɗora wa magana da kansa.

Bayan Mamman Sani na sa Hama, ɗan Yamai mai fiyano, kundinsa Houmeissa na 2019, wanda ya ɗauki tsofaffin waƙoƙin Sahara ya mayar da su cikin na'ura. Sai William Onyeabor na Enugu, mutumin da ya gina situdiyonsa da wurin buga faifansa, ya fitar da kundaye daga 1977 zuwa 1985, sannan ya rungumi addini ya daina maganar kiɗa har ya rasu a 2017. Shi kam ba a yi gardama a kansa ba. Yara ma sun taru a ƙofar zaure.

Laraba, 22 ga Janairu

Aikin daidaita ƙarar sauti. Naɗin tsohon kaset ƙasa-ƙasa yake fita, na zamani kuma ya fito da ƙarfi, sai in yi ta tashi ina murɗa amfilifaya. Na bi da su ta manhajar gyaran sauti ta Audacity ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa ƙugin kaset ɗin ba, don da na gwada goge shi sai ogan ɗin Mamman Sani ya bushe.

Asabar, 25 ga Janairu

Daren Habasha, kuma shi ne zaman da ya fi daɗi zuwa yanzu.

Hailu Mergia ya je Amurka a 1981 tare da ƙungiyar Walias, ya zauna can. A 1985 ya shiga situdiyo shi kaɗai da akodiyon da fiyano da gangar na'ura, ya naɗi tsofaffin karin ƙasarsu. Bayan haka shekaru ya yi yana tuƙin tasi a yankin Washington, da ƙaramin fiyano a but yana taɓawa in babu fasinja, har kamfanin Awesome Tapes From Africa ya sake fitar da kaset ɗin a 2013. Kiɗan Habasha a kan matakan sauti biyar yake tafiya, kuma yawancin karin waƙoƙinmu ma haka suke. Shi ya sa ba a jima ba na ji ɗaya daga cikin abokaina yana ɗora wa akodiyon ɗin kalmomin Hausa a ƙasan maƙoshi, wani ya kama masa amshi. Babu wanda ya tambayi ina mai waƙa, sun zama su ne masu waƙar.

Daga nan na wuce zuwa Emahoy Tsegué-Maryam Guèbrou, wadda ta ba da rayuwarta ga ibada a cocin Habasha, ta yi shekaru masu yawa a Birnin Ƙudus, ta rasu a 2023 tana da shekara 99. Fiyano ne zalla, irin babban nan na katako. Hannunta ba ya bin ƙidayar ganga: ta yi sauri, ta dakata, ta gangaro da sautuka a jere, ta sake komawa inda ta faro. In mutum zai ɗauki abu ɗaya tak daga wannan kundin nawa, to ya nemi Éthiopiques na 21, nan aka tara aikinta. Kawu bai ce komai ba, amma bai tashi ba sai da aka gama.

Talata, 28 ga Janairu

Ina so aƙalla wasu daga cikin waɗannan in biya kuɗinsu, musamman na mawaƙan Nijar da ke raye suna cin abinci da sana'ar. A shafin intanet na Bandcamp ake sayar da yawancinsu, kuma kaso mafi tsoka wajen mawaƙi da kamfaninsa yake zuwa. Katin bankina ya ƙi biyan dala. Na je reshe, aka ce in sake gwadawa gobe, gobe ta zo bai canza ba. Daga ƙarshe wani ɗan'uwanmu da ke karatu a waje ya saya min kundi biyu ya turo, na biya a nan da naira, N31,000. Kasafi ya fashe. Na yanke cewa kundi ɗaya zan riƙa saya duk wata, na fara da na kusa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Zaman yau ya watse. Na shirya kiɗan natsuwa ne, irin wanda babu ganga babu amshi. Na fara da Music for Airports na Brian Eno, na 1978. Yadda ya yi wani sashe nasa, ya naɗi sautuka kaɗan a kan zaren kaset masu tsayi daban-daban, ya haɗa bakin kowane zare ya zama zobe, ya bar su suna juyawa tare. Da yake tsayinsu bai zo ɗaya ba, haɗuwarsu kullum canzawa take. Duk daɗin abin yana cikin shirun da ke tsakanin sauti da sauti.

To an ɗauke wuta tun magariba, maƙwabcinmu ya tayar da janareto a bayan katangar zauren. Shirun da ake nema ya tafi. Na ƙara sauti, sai sifika ta fara kakkarwa, domin batir ya yi ƙasa kuma amfilifaya in ba ta samu isasshen ƙarfi ba yanke saman sauti take yi. Na canza zuwa Peel na KMRU, ɗan Nairobi mai haɗa kiɗa da sautukan da yake ɗauka a titi da daji, na 2020. Wannan ma ya fi muni, don ƙugin da ya gina kundin a kai ya narke cikin ƙugin janareton, ba a rabe ɗaya da ɗaya. Wani ya tambaya ko an fara. Mutane suka zame da ɗai-ɗai, ga sanyi, ga ƙura.

Ban cire ko ɗaya ba, domin ba a ji su ba balle a ƙi su. Zan sake sa su can wajen ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da maƙwabci ke kashe injinsa.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mai gyara ya ce irin wannan batir ba a barinsa ya ƙare ƙaf, in ba haka ba zai mutu da wuri. Ya sa min fis da ƙaramar mita mai nuna ƙarfinsa, N4,000. Ya busa ƙurar hunturu daga sifikun, Inna ta ba da tsohon zane na rufe su.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na gayyaci wani dattijo makaɗin kalangu da ke bayan layinmu, ya kuwa zo. Na jera abubuwa uku da gangan. Na fara da Ɗan Maraya Jos, don a ji yadda kuntigi mai tsirkiya ɗaya ke maimaita zango guda ba a gaji da shi ba. Sai Konono Nº1 na Kinshasa, ƙungiyar da Mingiedi Mawangu ya kafa. Likembe suke kaɗawa, wato ƙaramin akwati mai harsunan ƙarfe da ake taɓawa da manyan yatsu, kuma don a ji su cikin hayaniyar birni ya haɗa makirfo da maganaɗisun da ya ciro daga ruɓaɓɓun motoci. Sautin ya fito a fashe, da tsatsa, kuma fashewar ce ta zama kyansa. Kundinsu Congotronics ya fito a 2004. Mai gyaran rediyonmu ya fi kowa murna, ya ce zai gwada haɗa irin makirfon.

Na uku shi ne Drumming na Steve Reich, Ba'amurken da ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan ƙabilar Ewe, zazzaɓin cizon sauro ya katse masa zaman, ya koma gida ya gama wannan aiki a 1971. Makaɗa biyu na buga zango iri ɗaya, sai ɗaya ya ɗan ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya wuce ɗan'uwansa da bugu guda, su tsaya a nan, wani sabon zango ya fito daga tsakaninsu. Ban yi wa kowa bayani ba. Dattijon ya karkata kai, yatsunsa na motsi a kan gwiwa, can ya ce, "Ɗana, na biyun nan zamewa yake yi, kuma da gangan." Na ce, "Haka ne, Baba." Ya ce riƙe hannu a irin wannan wuri ya fi bugun wuya, domin hannu so yake ya koma ya bi ɗan'uwansa. Ya nemi a maimaita wurin. Shi da yake ya san abin da hannu ke yi, bai nemi magana a ƙarƙashi ba ko kaɗan.

A ƙarshe samari suka matsa na sa musu singeli, kiɗan na'ura mai gudu na Darussalam ta Tanzaniya, daga kundin Sounds of Sisso da kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala ya fitar a 2017. Gudunsa ya haura bugu 200 a minti. Manya suka yi sallama. Singeli ya samu jakarsa daban.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na sake rubuta bayanan mawaƙa a littafi. Na kai kan mawaƙan Habasha.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An samu saɓani. Na sa ɗan guntun aikin Halim El-Dabh, Bamisiren da a 1944 ya ari na'urar da ke naɗar sauti a jikin siririyar wayar ƙarfe daga wani gidan rediyo a Alƙahira, ya ɗauki muryoyin mata a wajen bikin zar, ya koma situdiyo ya yi ta sarrafa su da amsa-kuwwa yana tace sautin. Wannan ya riga gwaje-gwajen Pierre Schaeffer na Faris da shekara huɗu, kuma su ne aka saba kira farkon irin wannan kiɗa. Abin da ake samu a yau bai fi minti biyu ba. Na so a ji cewa a nahiyarmu aka fara taka wannan hanya.

Da na faɗi abin da zar yake, cewa dangin bori ne, Kawu ya ce, "Kashe wannan, ba a zauren nan ba." Na kashe nan take. Wani abokina ya ce ai tarihi ne kawai, Kawu ya ce tarihi ko ba tarihi ba, akwai abin da ba a shigo da shi gida da dare. Zauren nasa ne kafin ya zama nawa, kuma na fahimci abin da yake karewa. Aikin yana da daraja a wajena, zai zauna a kwamfuta ga wanda ya nema, amma ya fita daga jerin Asabar.

Na gyara zaman da Ali, kundin da Vieux Farka Touré ya yi da Khruangbin, 'yan Houston su uku, a 2022, inda suka sake kaɗa waƙoƙin mahaifinsa Ali Farka Touré cikin sanyi. Sai Vulture Prince na Arooj Aftab, 'yar Pakistan mazauniyar New York, na 2021, wanda wata waƙa daga cikinsa ta ci kyautar Grammy a 2022. Da Urdu take yawancin rerawa. Kunnen da ya tashi da finafinan Indiya bai sha wahalar karɓarta ba, sai dai wasu sun yi ta jiran gangar da ba ta zo ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Zaman ƙarshe kafin azumi. Na bi hanyar da ta tabbata: Filles de Illighadad, Hailu Mergia, Emahoy, sannan bayan an kashe janareto na sa Eno. Waɗanda suka rage ba su da yawa, amma sun ji shi har ƙarshen sashen farko. Abokina ɗan Damagaram ya ce bayan fiyanon tsohuwar nan, wannan bai zo masa baƙo ba. Ƙanena ya ce barci yake sa shi. Kawu ya ce har yanzu bai ji abin da mutumin ke faɗa ba, amma ba ya takura wa kowa. KMRU bai samu shiga ba, sifikun ba sa ɗaukar kaurin sautinsa.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Lissafi: N98,500, ban da shayi da burodi da muke karo-karo. Ya haura kasafi da N38,500, yawanci saboda sayen kundaye da jabun memori.

Na tsara memori ba bisa ƙasa ba, bisa yadda zaure ya nuna min: masu murya da amshi a gaba, sai waɗanda kunne ke iya ɗora wa magana, sai na hannu da ganga, na natsuwa a can ƙarshe. Singeli na gefe. Mutum huɗu sun kawo nasu memorin a tura musu. Waɗanda na saya na ce su bari tukuna, na nuna musu inda za su ji su a intanet.

Bayan sallah: kiɗan gamelan na Indonesiya, da masu waƙar maƙoshi na yankin Tuva a Rasha, da daren Sudan guda, wanda nake sa ran zai yi sauƙi kamar na Habasha. Dattijo mai kalangu ya yarda in naɗe shi shi da ɗansa suna gwada zamewar nan ta Reich da kalangu biyu, da sharaɗin a ba shi kwafi. Wayata ba za ta ɗauki wannan da kyau ba, don haka sai na nemi aron makirfo a wani situdiyo, in kuma tambayi farashin sifika mai ɗaukar kaurin sauti.